Idan injin kwale-kwale ya mutu a tsakiyar Tafkin Jabi da ke Abuja

Da farko, a tabbatar kowa ya sa rigar ceto ya zauna, domin miƙewa cikin firgici kan kifar da kwale-kwale. Sannan a jefa anga.

Daga nan a duba fetur, a buɗe kafar iska da ke murfin tanki, a matsa robar tiyon mai har ta yi tauri.

Farfela ce ta fi damuna, domin leda da ciyawa sukan nannaɗe ta. Kada a kai hannu sai an zare igiyar kashe inji (wadda direba ke ɗaurawa a jikinsa, idan an zare ta injin ba ya aiki), an kuma ɗaga injin daga ruwa.

Idan an sake gwada injin ya tashi amma ruwan sanyaya shi bai fito ba, a kashe shi nan take, a kira masu jirage a gaɓa.