Malamai, kada ku ƙone ledar fiya wata, ku yi renon itatuwa da ita

Malaman firamare da na ƙaramar sakandare a Katsina da Daura, ga wata dabara da ba ta cin ko kwabo.

Ku sa yara su tara ledojin fiya wata na filin makaranta. A yanke bakin, a huda gindin da ƙusa, a cika da ƙasa haɗe da busasshen takin awaki. Kowane yaro ya shuka ƙwayar zogale ko bedi, ya rubuta sunansa a jiki.

Ban ruwa kuwa, ku ajiye bokiti inda ake alwala. Ya isa.

Amfaninsa, ba sai kun nemi sabon lokaci a jadawali ba. Malamin lissafi ya sa su auna tsawon tsiron da rula duk mako. Na kimiyya ya yi bayanin kwararowar hamada da tsiron a hannu. Muradun ci gaba mai ɗorewa 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, yaro ya fi gane su haka fiye da haddar allo.

Amma a kula. Ƙwayar bedi ba ta jure ajiya, sai sabuwar tsinka. Ruwan sabulu na lalata tsiro. Idan babu huda, saiwa ruɓewa take yi.

Babbar matsala dogon hutu ne, da awaki. Kafin a tashi, ku dasa tun damina na da ƙarfi, ku kewaye da ƙaya. Wanda bai isa dashe ba, mai shi ya kai gida.