Yadda za ka shiga musun rufewar gwamnatin Amurka ba tare da an yi maka dariya a teburin mai shayi ba

Lokacin da gwamnatin Amurka ta rufe a watan Oktoban 2025, wallahi na sha kallo a teburin mai shayinmu na Samaru. Wani yaro ɗan aji biyu a jami'a ya ɗago waya yana cewa shikenan Amurka ta tsiyace ta kasa biyan albashi, wani mai keke napep da ke jiran a soya masa ƙwai ya ce to yanzu wa ke riƙe da mukullin fadar shugaban ƙasan, shi kuma mai shayin yana ta ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi daga wannan zuwa wancan ya ce ai alhakin Falasɗinawa ne. Kafin a gama yanka biredi an bar maganar albashi an koma kan wai Amurka ba ta da amana, duk wanda ya yi ƙawance da ita sai ta yar da shi. Tunda wannan rigimar tasu ba ƙarewa take yi ba, za ta sake dawowa, ga yadda ni nake ganin mutum zai shirya mata.

Abu na farko, ka san me aka rufe tukuna. Ba ƙasar aka rufe ba, ba kuma kuɗi ne suka ƙare a baitulmali ba. Shekarar kasafin kuɗinsu tana farawa ran 1 ga Oktoba, kuma suna da wata tsohuwar doka da ta hana ma'aikatar gwamnati kashe ko sisi in majalisa ba ta ware mata ba. Da can ma in an makara ci gaba da aiki kawai ake yi, sai a 1980 antoni janar ɗinsu Benjamin Civiletti ya fassara dokar da tsauri ya ce in babu kasafi to a dakata. Daga nan abin ya zama makami. Kuɗin na nan, izinin taɓa su ne babu, kamar dai a ce maigida ya yi tafiya da mukullin rumbu, hatsi na ciki amma ba mai iya ɗiba.

In aka rufe ɗin ma'aikata kashi biyu ake raba su. Akwai waɗanda ake cewa ku tafi gida sai an neme ku, akwai kuma waɗanda aikinsu ya shafi rai da dukiya irin sojoji da masu ba jirage hanya a sama da masu binciken kaya a filin jirgi, su dole su fito aiki amma a ƙa'ida babu albashi sai an buɗe. Gidan waya na aiki don da kuɗinsa yake tafiya, tsofaffi na karɓar fansho, su kuma 'yan majalisar da suka haddasa abin albashinsu bai tsayawa, wannan kam in ka faɗa a teburi kowa sai ya ce ashe halin ɗaya ne ko'ina.

Sai lissafi, kuma nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Za ka ji an ce ai jam'iyyar shugaban ƙasa ce ke da rinjaye, ya za a yi ta kasa wuce kasafi? Ka riƙe lamba 60. Majalisar wakilai mutum 435 ne, can rinjaye kaɗan ya isa. Majalisar dattawa sanata 100 ne, amma kafin a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a kan irin wannan ƙudurin sai an samu 60. A 2025 'yan Ripablikan 53 gare su, kaga ko duk sun haɗa kai sai sun roƙi ƙuri'a daga 'yan Dimokurat, su kuma suka ce ba za su bayar ba sai an tsawaita tallafin inshorar lafiya. Haka aka yi ta ja har kwana 43, daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba, ita ce mafi tsawo da aka taɓa yi har zuwa lokacin, tallafin abincin da mutum wajen miliyan 42 ke karɓa ya shiga rikici, aka rage tashin jirage a manyan filaye 40, sannan sanatoci takwas daga ɓangaren Dimokurat suka sauko, ɗan Ripablikan ɗaya kuma ya ƙi, aka samu 60 ɗin cif. In ka iya faɗin wannan a nutse, kana kurɓar shayinka, an riga an ɗauke ka a matsayin mai sani.

Ka sa wasu shekaru a aljihu, ba sai da yawa ba. Ta 1995 zuwa 1996 zamanin Clinton kwana 21. Ta 2013 zamanin Obama kwana 16, kan dokar inshorar lafiya da ya kawo. Ta Disambar 2018 zuwa Janairun 2019 kwana 35, lokacin da Trump ya ce sai an ba shi dala biliyan 5.7 ya gina katanga a iyakar Meziko. Amfanin riƙe su shi ne in wani mai son Trump ya ce 'yan Dimokurat ne kullum ke rufe gwamnati, ko mai ƙinsa ya ce Trump ne ya ƙirƙiro abin, sai ka jero masa su ya ga kowa ya taɓa riƙe wuƙar.

Kar ka yarda a haɗa maka shi da rigimar iyakar bashi, wannan daban ce, ita kan ko gwamnati za ta iya ƙara cin bashi ne don biyan abin da ta riga ta ɗauka. Mutane na cakuɗa su kamar fura da nono.

To sai tambayar da dole wani ya jefo, me ya sa mu tamu ba ta rufewa? Wani zai ce ai tamu kullum a rufe take, a yi dariya, ka bari a gama dariyar sannan ka ba da amsa. Sashe na 82 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa dama ya ci gaba da cire kuɗi yana tafiyar da gwamnati har tsawon wata shida in ba a amince da kasafi ba, gwargwadon abin da aka kashe a bara. Shi ya sa Buhari bai sa hannu a kasafin 2016 ba sai a watan Mayu, na 2018 kuma sai Yuni, kuma ba wanda ya ce ma'aikatan sakatariya su koma gida. Mu a nan Zariya in kana son mutane su ji abin a jikinsu, tuna musu yajin aikin ASUU na 2022 da ya kai wata takwas, yadda Samaru da Kongo suka yi tsit, masu fotokofi da masu abinci da 'yan acaba da masu gidajen haya kowa ya ji a jikinsa ko da ba malami ba ne. Haka masu shaguna da 'yan kwangila a Washinton ke ji. Amma ka faɗi bambancin da kanka kafin wani ya kama ka, can ba ma'aikata ne suka ƙi aiki ba, kuma tun 2019 akwai dokar da ta ce in an buɗe a biya ma'aikatan gwamnati duk abin da suka bi, 'yan kwangila ne dai ba su da wannan gatan.

Yanzu wajen da musun ya fi zafi, maganar ƙawaye. Ba haka kawai mutane ke tsallakawa daga rufewa zuwa ƙawaye ba, abin ya taɓa haɗuwa a mako guda. Ran 19 ga Disambar 2018 Trump ya sanar zai kwashe sojojin Amurka kusan 2,000 daga Siriya, washegari sakataren tsaronsa Jim Mattis ya ajiye aiki, a takardarsa ya nuna shi da shugaban ba su ga abu ɗaya ba kan mutunta ƙawaye, kwana biyu bayan nan gwamnati ta rufe. Kurdawan da suka yi yaƙi da ISIS kafaɗa da kafaɗa da Amurka su ne suka shiga zulumi, kuma a Oktoban 2019 da sojojin suka ja baya daga bakin iyaka Turkiyya ta afka musu. Haka a ƙarshen Satumbar 2023, don a kauce wa rufewa sai aka wuce da kasafin wucin gadi da aka cire tallafin Yukren daga ciki, bayan kwana uku aka tsige kakakin majalisa Kevin McCarthy, su Yukren kuma suka yi ta jira har Afrilun 2024 kafin a amince da dala biliyan 61 ɗinsu. Kaga rigimar cikin gida ce amma wanda ke ramin yaƙi a wata ƙasa shi ke jin ta.

Dabarata a nan guda ɗaya ce, duk wanda ya ce Amurka ta ci amanar ƙawarta ko ta tsaya mata, ka tambaye shi wace ƙawa, kuma wace takarda ke tsakaninsu. Don ƙawancen hawa hawa ne. Akwai na yarjejeniya irin NATO mai ƙasashe 32, inda sashe na 5 ya ce an taɓa ɗaya an taɓa duka, kuma sau ɗaya tak aka taɓa amfani da shi, bayan harin 11 ga Satumbar 2001, wato Amurka ce ma aka kai wa ɗauki, wannan ka ajiye shi don mai cewa Turawa cima zaune ne. Shi ma yana da tasa hujjar fa, don a 2014 sun yi alkawarin kashe kashi 2 cikin ɗari na arzikinsu kan tsaro kuma da yawansu sun daɗe ba su cika ba, in ya kawo wannan ka ce masa gaskiya ne, ba faɗuwa ba ce. Akwai irin Isra'ila da ke da takardar fahimta ta dala biliyan 3.8 duk shekara. Akwai kuma na buƙata, irin Kurdawa, babu yarjejeniyar da majalisa ta sa wa hannu, aiki ne ya haɗa su, ranar da shugaba ya canza ra'ayi shikenan. Ni a ganina a nan ne zargin rashin amana ya fi kama Amurka, kuma wanda ya ga yadda aka bar Kabul a Agustan 2021 mutane na bin jirgi da gudu ba zai ce ƙarya ake mata ba.

Mu fa? Kar ka bari a ce Najeriya ƙawar Amurka ce irin ta yarjejeniya, ba ita ba ce. Ciniki ne da haɗin gwiwa, jiragen Super Tucano 12 da suka iso a 2021 saya muka yi da kuɗinmu. Kenya ce aka ba matsayin babbar ƙawa wadda ba ta cikin NATO a 2024. Sannan ga Nijar nan kusa da mu, in wani ya dage cewa kullum Amurka ce ke watsar da mutane, tuna masa sojojin da suka yi juyin mulki a 2023 su ne suka ce ta tattara ta bar sansaninta na Agadas, kuma ta fita a 2024. Wani lokacin ƙawar ce ke bada takardar saki.

Saura ladabi, don sani ba ya hana a tsane ka. In dattijo ne ya yi kuskuren, irin Baban da ke zuwa da rediyonsa a hammata tun zamanin da ake kama BBC da eriya, kar ka ce masa ba haka ba ne a gaban yara. Ka ce Baba Allah ya ƙara girma, ni kuma abin da na ji shi ne kaza, ko ku kun ji daban? Sau da yawa shi da kansa zai gyara ya ce ai abin da nake nufi kenan, kai kuma ka ce ƙwarai Baba. In sa'anka ne ka sake masa lambobin kawai. In kuma irin mai muryar WhatsApp ne da ya zo da odiyon wani yana cewa an kulle ofishin jakadanci an daina bada biza har abada, ka ce ya buɗe shafin ofishin da kansa ya duba, don sashen biza da kuɗin da masu nema ke biya yake tafiya, shi ya sa a irin wannan lokacin yawanci Abuja da Legas suna ci gaba da ganin mutane, sai dai shafukansu na sada zumunta su yi shiru. Akwai wani ɗan unguwarmu da ke da ranar intabiyu a tsakiyar rufewar nan, saura kaɗan ya fasa tafiya saboda odiyo, da ƙyar muka lallashe shi ya je Kwangila da asuba ya hau motar Abuja, ya dawo bayan isha'i da ledar burodi a hannu ya ce layin ma ya fi na kullum tsawo.