Yadda na sayi tikitin jirgin ƙasan Madina zuwa Makka tun ina Kano

Saura mako biyu mu tafi Umra da mahaifiyata, na zauna sayen tikitin jirgin ƙasan Haramain ta intanet, don ƙafarta ba za ta jure zaman mota na kusan kilomita 450 ba. Sau uku ina sa katina na naira, kuɗi ya ƙi fita. Hankalina ya tashi. Ashe katin ba ya sayayyar ƙasar waje.

Na je banki na karɓi katin dala, aka haɗa shi da layin da ke hannuna, domin ta nan lambar tabbatarwa take shigowa. Na rubuta sunayenmu da lambobin fasfo daidai yadda suke a fasfon, nan take ya wuce. Na buga tikitin a takarda, na ajiye cikin jakar Hajiya.