Tayi a Gwanjon Intanet Ba Tayin Kasuwar Wuse Ba Ne

Wata biyu da suka wuce ƙanen matata ya same ni a shago a Banex nan Abuja, ya miƙo min waya, goshi duk gumi. Ya taya wata kwamfuta a wani shafin gwanjo da daddare, wai don ya ga inda farashin zai tsaya, gari na wayewa ya tarar ta faɗa masa. "Yaya, ta ina ake cewa an fasa?" Na gaji da amsa wannan tambayar baki da baki, gara in rubuta.

A Wuse mai kaya zai ce dubu hamsin, ka taya ashirin, ya ce albarka, ka ƙara biyar, ka juya kamar za ka tafi, ya kira ka. Ko ya sallama, in ka laluba aljihu ka ce bari ka zagayo, iyakarta ya bi ka da tsaki. Wannan ɗabi'ar ce muke ɗauka mu kai gwanjon intanet, a can kuwa tayi alkawari ne. A ƙa'idar shafin gwanjo na eBay, duk wanda tayinsa ya zo a sama ya saya, kuma ba a janye tayi sai da dalili irin na kuskuren lamba, kamar ka so rubuta 200 yatsa ya ƙara sifiri. In ka ƙi biya a rubuta a asusunka, masu kaya su riƙa toshe ka. Abin bai bar mai sayarwa ba. A 2014 kotun ƙolin Jamus ta yi hukunci a kan wani da ya sa motarsa Passat a gwanjo daga Yuro ɗaya, ya tsayar da gwanjon don ya samu mai saye a waje. Aka ce ya biya wanda ya taya diyyar sama da Yuro 5,000.

Ni da mota na yi karatuna. Wata Camry ce a wani gwanjon motoci na Amurka. Wajen ɗayan dare ina kwance, ina tayawa wani yana ɗorawa, har maganar ta tashi daga ciniki ta koma ba zai kayar da ni ba. Na ci. Daga nan lissafi ya fara fitowa: kuɗin masu gwanjo, la'adar dillalin da na shiga da lasisinsa, kuɗin ajiya da ke hawa kullum, mai jan mota zuwa tashar jirgin ruwa, jirgin kansa, kwastan a Legas, tirela zuwa Abuja. Da ta iso, ashe ambaliya ce ta taɓa cinye ta. Kuma an rubuta haka ɓaro-ɓaro a bayaninta, ni ne na tsaya kallon hoto, fenti na ƙyalli. Cinikin biri a sama. Wata huɗu tana Apo wurin mai wayarin, yau a gyara gilas gobe fitila ta ɗauke. Na rubuta ƙorafi, suka turo min shafin da na danna na amince: an sayar da ita a yadda take, ba garanti, ba mayarwa. Dokar ciniki ta Amurka ta yarda da irin wannan sharaɗin. Ba wanda ya cuce ni sai zuciyata.

Tun daga nan ga abin da nake yi, ban ce kowa ya bi ba. Da safe nake rubuta iyakar abin da zan iya biya a takarda, bayan na cire duk waɗancan kuɗaɗen. In taya sau ɗaya, in kashe data. Bayan Isha'i ba na gwanjo.

Ku kuma masu cewa aboki "shiga ka ɗan ɗaga min farashi", ku ji tsoron Allah. Wannan shi ne najashi da aka hana a hadisi, kuma laifi ne a dokar Amurka da ta Ingila.

Wani kuskuren kuma shi ne "ai Turawa suna karɓar kaya in an mayar". Wane Baturen? A Tarayyar Turai da Ingila, in ka sayi kaya ta intanet a hannun ɗan kasuwa, kana da kwana 14 ka fasa ba sai ka faɗi dalili ba. In kuwa a hannun mutum ne kawai da ke rage kayan ɗakinsa, ba ka da wannan damar ko ta kwana ɗaya. Gwanjon da ake yi a zaure, wanda mai saye zai iya halarta da ƙafarsa, shi ma an cire shi. A Sin kwana 7 ne tun 2014, amma don mai sayen amfanin kansa aka yi dokar, ba ɗan sari ba. A Amurka babu dokar tarayya da ta ba ka damar mayar da lafiyayyen kaya don ka canza ra'ayi, sai abin da mai kanti ya ga dama.

Ga inda ake yanka mu, mu 'yan Najeriya. Yawancinmu adireshin masu kago muke bayarwa, su tara kaya su turo. To kwanakin nan suna fara ƙirguwa ne ranar da kaya ya sauka a ma'ajiyarsu, ba ranar da ka kwance kwali a Kubwa ba. Kafin ya iso wa'adi ya ƙare tuntuni. Ka biya mai kago ɗan abin da zai buɗe, ya kunna, ya turo maka bidiyo tun kaya na can. In ya ce ba ya yi, canza shi.

A gida kuma akasin haka muke yi, muna da haƙƙi muna barinsa. Akwai dokar kare masu saye ta 2018, da hukumar da ke kula da ita, FCCPC, nan Abuja. Rubuta "kaya in ya fita ba ya dawowa" a rasit ba ya wanke wanda ya sayar maka da lalataccen abu. A Fabrairun 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Garki saboda farashin kan kanta daban, na wurin biya daban. Amma da me za ka je musu? Kun yi ciniki ta kiran waya, an ce "sabuwa dal", ba rubutu, ba hoto. Haba! Bayan kun daidaita ka tura masa saƙo a WhatsApp: kaya kaza, farashi kaza, har da kuɗin kawowa, garanti wata kaza. Sai ya amsa ka tura kuɗi. Kuma kada ka ɗauka hannun hukumar zai kai ga mai shago a Sin.

Sauran a gurguje. Mai kaya ya ce ku fita daga shafin ya yi maka ragi: ka fita daga inuwa ke nan. A manhajar biyan kuɗi ta PayPal kada ka tura kuɗin kaya ta hanyar 'yan'uwa da abokai, ba ta da kariya. Motar Ingila da ta Japan sitiyarinsu a dama yake, Najeriya ta bar wannan tsarin tun 1972. Kayan wutar Amurka na volt 120 ne, namu 230. Wayar da ke kulle da layin wani kamfani ba araha ba ce.

Ƙanen matata dai ya biya, don mai kayan ba ɗan kasuwa ba ne. Kwamfutar ta iso lafiya daga Jamus, da allon rubutu irin nasu. Har yanzu in zai rubuta Zariya, Yariza ke fitowa.