Darasi na Bakwai: Hanta da Daskarewar Jini a Jikin Yaro

Duk wanda ya taɓa yankewa da wuƙa ya ga yadda jini yake zuba na ɗan lokaci, sannan ya daskare ya toshe bakin ciwon. Yawancin sinadaran da ke sa jini daskarewa hanta ce ke yin su, kuma ita ce dai ke yin waɗanda ke hana shi daskarewa a inda bai kamata ba, wato a cikin jijiya. Manyan masu hana daskarewar uku ne: furotin C, wanda aka gano a ƙasar Suwidin a 1976, da furotin S, da antitirombin. Su ne linzamin jini, domin doki komai kyansa, in ba linzami, sai ya kai mahayinsa inda bai nufa ba.

Idan ciwon hanta ya daɗe a jikin yaro, ko saboda cutar hanta nau'in B, ko saboda an haife shi da toshewar hanyar ruwan madaciya, hantar takan taurare sannu a hankali, aikinta ya ragu. Daga nan sai sinadaran ɓangarorin biyu su yi ƙasa tare. A cikin ukun nan masu hana daskarewa, furotin C yakan riga sauran raguwa, domin rabinsa yana ƙarewa a cikin jini cikin awa 6 zuwa 8, alhali antitirombin yana kai kwana biyu zuwa uku. Furotin C da S kuma suna buƙatar bitamin K, shi kuwa hanji ba ya iya tsotse shi sosai sai da ruwan madaciya, don haka yaron da hanyar madaciyarsa ta toshe matsalarsa biyu ce. Likita yana kwatanta sakamakon awon waɗannan sinadarai da shekarun yaro, tun da jariri mai ƙoshin lafiya ma nasa bai kai na babba ba.

A nan ne iyaye da yawa suke kuskure, kuma ina roƙon ɗalibai su tsaya su fahimta. Mun saba da tsoron zubar jini kawai: haɓo, jini a dasashi yayin goge baki da asuwaki, aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin. Amma yaron nan dai jininsa yana iya dunƙulewa a cikin jijiya, musamman babbar jijiyar da ke kai jini daga hanji zuwa hanta. In ta toshe, saifa takan ƙara girma, ciki ya tara ruwa, yaro ya riƙa kukan ciwon ciki. Awon jinin da ake kira INR ɓangaren daskarewa kaɗai yake nunawa, bai faɗi komai a kan linzamin ba, saboda haka fassara shi aikin likita ne.

Kada a ba irin wannan yaro asfirin ko ibufurofen daga kemis, kada kuma a ɗura masa jiƙon shawara, domin hantar da ta gaji ita za ta ɗauki nauyinsa. Kaciya, cire beli, tsaga da ƙaho duk a dakatar da su har sai likita ya auna jini ya amince, ko da wanzamin gidan ne na kaka da kakanni.

Mai jego kuma ta riƙa duba tsumman jaririnta da rana, a wajen haske. Idan idonsa bai daina zama rawaya ba bayan mako biyu, bayan gidansa ya yi fari-fari, fitsarinsa kuma yana rina tsumma, a kai shi asibiti a ranar, domin aikin buɗe hanyar madaciya ya fi nasara kafin jariri ya cika kwana 60. Allurar rigakafin cutar hanta nau'in B kuwa ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, kada a jira ranar suna.