Kurakuran da aka fi yi wajen tsara sanyaya filin wasan ƙanƙara

Yawancin masu shirin gina filin wasan ƙanƙara da girman inji suke farawa: kwamfuresa (na'urar da ke matsa gas ɗin sanyaya) nawa, mai ƙarfin kilowat nawa. A ƙarshe ya kamata wannan tambaya ta zo. Abin da ake fara lissafawa shi ne zafin da zai riƙa sauka kan ƙanƙarar, daga ina yake zuwa, kuma a wane wata ya fi tsanani. Filin hoki mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30 a cikin gini yakan buƙaci sanyin kilowat 250 zuwa 350, amma wanda ya kwafo adadin daga wani fili bai duba nasa ginin ba, ko dai injin ya gaza masa a watannin zafi, ko ya yi masa yawa ya riƙa tashi yana mutuwa har ya lalace da wuri. Kwamfuresa biyu ko uku matsakaita sun fi babba guda ɗaya, domin idan ɗaya ya tsaya ƙanƙarar ba za ta narke ba.

Kuskuren da ya fi tsada a ƙarƙashin daɓe yake, inda hannu ba ya kaiwa bayan an zuba kankare. Sanyin da ke daskarar da ruwa a sama yana gangarawa cikin ƙasa ma. Idan filin yana aiki watanni da yawa a jere, damshin ƙasar sai ya daskare ya kumbura, ya ɗaga daɓen ya tsaga shi, bututu su karye, katangar gefe ta karkace. Maganin abu uku ne tare: magudanar ruwa a ƙasa, faifan polistarin, wanda ke tare sanyi, mai kauri kamar santimita 10 a shimfiɗa biyu yadda gaɓoɓinsu ba za su haɗu wuri ɗaya ba, sannan bututun ɗumi a cikin yashi ƙarƙashin faifan da zai riƙe ƙasar a digiri 4 ko 5. Masu cewa filin lokacin sanyi kaɗai zai yi aiki sukan cire bututun ɗumin don rage kuɗi, bayan shekara biyu kuma a tsawaita lokacin wasa. A sa shi tun farko.

Bututun sanyin kansu, waɗanda ake binnewa cikin daɓen don daskarar da ruwan da ke sama, masu faɗin milimita 25, tazarar santimita 9 zuwa 10 ake ba su, kuma tsawonsu gaba ɗaya ya kan wuce kilomita 15. Kafin zuba kankare a cika su a matsa, a bar ma'aunin matsi a gaban ido har a gama zubin. Idan allurar ta sauka, wani ya huda bututu, kuma a lokacin ne gyara yake da sauƙi. Daɓen ya zama shimfiɗaɗɗe sosai. Kwarin santimita ɗaya ya isa ya sa ƙanƙara ta yi kauri a can, saman wurin ya yi laushi. Kaurin da ake so santimita 2.5 zuwa 4 ne. Duk abin da ya ƙaru a kai wuta kawai yake ci.

Rufi ma ana mantawa da shi, alhali zafin da yake haskowa kan ƙanƙara yakan kai kashi ɗaya bisa huɗu na aikin injin. Silin mai fuskar alminiyam yana rage shi ƙwarai. Ga kuma damshin iska: in babu na'urar tsotse shi, sai hazo ya rufe filin, raɓa ta taru a ƙarfen rufi tana ɗiga, ta yi ƙulu-ƙulu a kan ƙanƙara, ƙarfen kuma ya yi tsatsa. Sau da yawa a ɗora wa injin sanyi laifi a ƙara masa ƙarfi, matsalar kuwa tana nan.

Filin waje lissafinsa daban ne. Rana, iska da ruwan sama duk zafi suke kawowa, don haka kowace murabba'in mita tana neman sanyi fiye da ta cikin gini. A dubi inda inuwa take faɗawa da tsakar rana, a fente ƙasan ƙanƙarar fari, a guji zane mai duhu, domin ta nan narkewa take farawa. A bar wa ruwan sama mafita a gindin katanga.

Sai ruwan da ke yawo cikin bututu, ko na gishirin kalsiyam ko gilaikol (sinadarin hana ruwa daskarewa), wanda kan fita daga inji a digiri 9 zuwa 12 ƙasa da sifili. Famfon da ke tura shi dare da rana da cikakken gudu zafi yake zuba masa; a sa mai rage gudu. A riƙa kai samfurin ruwan gwaji, a duba kaurinsa, tsaminsa, maganin tsatsa, da ko amoniya, gas mai guba da inji ke sanyaya ruwan da ita, ta shiga ciki. Wannan na ƙarshe batun rai ne. A watan Oktoban 2017, mutum uku suka rasu a filin ƙanƙara na garin Fernie a Kanada, bayan amoniya ta ratsa wata ƙaramar huda a tsohon injin ta shiga ruwan gishirin, matsi ya taru har mahaɗin bututu ya ɓalle. Ɗakin inji yana buƙatar na'urar jin amoniya, fankar da ke tashi da kanta, ƙararrawa, da maɓallin kashe wutar inji a wajen ƙofa.

Zafin da injin ke fitarwa kada a watsa shi duka a iska. Tun a zane a ja masa layi zuwa bututun ɗumin ƙasa, da ramin narkar da ƙanƙarar da motar gyaran fili ke kankarowa, da tankin ruwan zafi mai digiri 60 da ake malalawa don saman filin ya yi santsi.