Yadda iyaye za su shirya ɗansu kafin ya tafi horon sojan ruwa a Onne

Ganin sunan yaro a jerin waɗanda aka ɗauka abin murna ne, amma bai zama soja ba tukuna. Tsakanin ranar da suna ya fito da ranar da zai shiga ƙofar Makarantar Horas da Kuratan Sojan Ruwa ta Onne, kusa da Fatakwal a Jihar Ribas, akwai 'yan makonni da gurbi kan suɓuce a cikinsu, kuma galibi a kan abin da za a iya karewa tun daga gida. Aikin iyaye a wannan tsakani shi ne su kai shi ƙofar nan da lafiyarsa, takardunsa a daidaice, a ranar da aka ce. Duk abin da za mu faɗa a kan ɗa, ya hau kan 'ya mace ma.

A fara da tabbatar da sunan

A duba jerin a shafin rundunar na intanet, navy.mil.ng, ko a sanarwar da hedikwatarta ta fitar daga Abuja. Hoton da wani ya turo a WhatsApp ko Facebook ba hujja ba ne. A rubuta lambar rajistar yaron da ranar da aka ce ya bayyana, a liƙa a inda kowa zai gani. Ɗaukar sojan ruwa kyauta ake yi. Duk wanda ya bugo ya ce "Alhaji, sunan yaronka na rawa, sai an ga oga", ɗan damfara ne, ko da ya ambaci cikakken sunan yaron da ƙaramar hukumarsa, domin waɗannan bayanai suna cikin jerin da kowa ke iya karantawa.

Takardu: a nan ne ya kamata a zauna

A shimfiɗa tabarma, a baje takardun gaba ɗaya: sakamakon WAEC ko NECO na asali, takardar kammala firamare, takardar haihuwa ko ta shaidar shekaru, takardar shaidar ƙaramar hukuma, katin NIN, takardar BVN daga banki, da fom-fom ɗin da aka cike lokacin neman aikin, har da na amincewar iyaye. Sai a sa mutum biyu, ɗaya yana karanta suna harafi-harafi, ɗayan yana bi da yatsa a kan wata takardar.

Sunayenmu na da saurin jawo matsala. Yaro ɗaya zai zama Muhammad a WAEC, Mohammed a NIN, Muh'd a banki. Wani an sa masa sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe a makaranta, a katin NIN kuma sunan kakansa ne. Wani an rage masa shekara guda lokacin rajistar jarrabawa, an manta. A gida duk wannan ba komai ba ne, amma jami'in tantancewa bai san yaron ba, takarda kawai yake gani, kuma in ta saɓa da 'yar'uwarta yana iya ɗauka ta aro ce. In an ga saɓani, a je ofishin NIMC, hukumar da ke ba da katin NIN, ko banki a washegari, don gyaran ba ya fita a rana ɗaya. A haɗa da takardar rantsuwa daga kotu mai nuna cewa sunayen duk na mutum ɗaya ne. Abin da ba za a taɓa yi ba shi ne gyara da biro, ko kankarewa da reza, ko kai takarda shagon kwamfuta a "daidaita" ta. Wannan ya koma jabu, kuma ko an wuce da ita yau, ranar da aka gano kora ce, wani lokaci har da hukunci.

A yi kwafi na kowace takarda kamar saiti uku, a bar saiti ɗaya a gida, a kuma ɗauki hotonsu a wayar uba ko uwa. Na asalin a sa su a jakar roba mai zif, domin garin da za shi garin ruwa ne.

Jiki

Horon na ɗaukar kimanin wata shida, kuma makonnin farko ne suka fi tsanani: gudun asuba, fareti, tsallen kwaɗo, gwale-gwale, ga ƙarancin barci. Kuskuren da aka fi yi iri biyu ne. Wani yaron sai ya miƙe ƙafa tunda suna ya fito, ya koma zaman majalisa da kwanan rana. Wani kuma zumuɗi ya kwashe shi ya kama gudun kilomita 10 kullum a kan kwalta, bayan mako biyu ƙwaurinsa ya kama ciwo, wani lokaci har ƙashi ya tsage. Tsoka na saurin sabawa da aiki fiye da ƙashi, shi ya sa yaro ke jin yana da ƙarfin ƙarawa alhali ƙashinsa bai shirya ba.

Wanda bai saba ba ya fara da kilomita 2, sau uku a mako, yana haɗa gudu da tafiya, a filin ƙasa ko na makaranta. Kowane mako ya ƙara kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma na abin da ya yi a makon baya, da hutun kwana guda tsakanin gudu da gudu. A ranakun hutun ya yi atisayen hannu da ciki: dafa ƙasa yana ɗaga jiki, da kwanciya rigingine yana tasowa, goma-goma sau uku, yana ƙarawa a hankali. In ciwo ya tsaya a wuri guda a kan ƙashi, wanda zai iya nunawa da ɗan yatsa, kuma yana ƙaruwa da gudu, ya tsaya a kai shi asibiti. Makon ƙarshe na sassautawa ne, ya isa can da sauran ƙarfinsa.

Batun iyo na bukatar kulawa. Da yawa daga yaran arewa ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunsu ba, kuma koyarwa na cikin aikin makarantar. In akwai wurin ninƙaya mai malami a kusa, ko da sau huɗu ko biyar ya je ya koyi riƙe numfashi da kwanciya a kan ruwa, zai rage masa firgici. Amma kada a bari abokai su ja shi kududdufi ko dam ko gulbi da sunan koya masa. Can ne ake nutsewa, can ne kuma ake kwaso tsargiya.

A matsar da lokacin barcinsa tun yanzu: ya kwanta ƙarfe 10, ya tashi kafin kiran assalatu. Uwa kuma ta janye hannu daga wankinsa da gugarsa. Ya wanke, ya goge farar riga har karinta ya tsaya, ya goge takalmi, ya ɗinke maɓalli, ya gyara gado. A samo wanda zai koya masa ɗaurin laktaye, ya tsaya gaban madubi ya ɗaura ya kwance har hannunsa ya haddace, don yaranmu da yawa ba su taɓa rataya shi a wuya ba.

Abubuwan da ke kashe gurbi

Ana sake duba lafiya bayan an isa, don haka a kai shi asibitin gwamnati tun da sauran lokaci a duba jini, fitsari, ido, haƙori, da gwaiwa. In zazzaɓin cizon sauro ne, ya shanye maganin har ƙarshe. Kada a ɓoye ciwo irin su asma ko farfaɗiya ko sikila; abin da aka ɓoye wa likita yakan bayyana a filin gudu cikin rana, inda ya fi haɗari.

Uba ya zauna da shi su biyu, ya tambaye shi kai tsaye game da tiramadol, kodin da wiwi. Gwajin fitsari na nuna su, kuma wasu yaran kan fara shan ƙwaya daidai wannan lokacin don wai su jure gudu. Duk maganin da zai sha, likita ne zai rubuta, har da na gargajiya a yi hattara da shi.

A rage masa hawa babur, musamman da dare, a hana shi ƙwallon unguwa da ake karya ƙafa, ya kuma nisanci duk rigimar da za ta kai shi ofishin 'yan sanda. Sai maganar aure. Sharaɗin ɗauka shi ne mutum ya kasance bai da aure, don haka dangin da ke cewa "a ɗaura kafin ya tafi tunda ya samu aiki" a ba su haƙuri.

Kaya da hanya

Rundunar na fitar da jerin abin da za a zo da shi, kuma shi za a bi sau da ƙafa. Yakan ƙunshi gajerun wanduna ruwan bula mai duhu, fararen singileti masu zagayayyen wuya, kambas, baƙaƙen wanduna, fararen riguna masu dogon hannu, baƙin laktaye, baƙin takalmi, dogayen safa farare, da kayan gargajiya saiti ɗaya. A sayi takalman da wuri, da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar a ƙafa, ya riƙa sa su kullum har su yi laushi. Sabon takalmi a ranar farko bororo ne a dunduniya, kuma a danshin Onne ciwon ƙafa ba ya saurin warkewa. Fatakwal na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, ninki biyu na Kano da ɗoriya. Ya saba da share tsakanin yatsun ƙafarsa bayan wanka da alwala, don gudun cin ruwa. A rubuta sunansa a cikin kowane kaya da alƙalamin da ba ya gogewa. Laya, guru, wuƙa, zobe da waya mai tsada duk a bar su a gida.

Daga Kano zuwa Fatakwal ya haura kilomita 1,000, ta Kaduna, Abuja da Lakwaja. Mota na lalacewa, hanya na cunkushewa, shingayen bincike na cin lokaci, wanda kuma ya makara ana iya ba wani gurbinsa. A tsara tafiyar yadda zai isa Fatakwal da kwana ɗaya a hannu, a san inda zai kwana tun kafin ya tashi. In akwai wasu daga jiharsu da aka ɗauka tare, su haɗu su tafi. Takardu su zauna a jikinsa, kada a sa su a but ɗin mota. A raba kuɗin hanya gida biyu, a rubuta masa lambobin waya uku a takarda, don yaran yanzu ba su haddace lambar kowa ba.

Maganar da za a yi masa, da shirun da zai biyo baya

Kada a ce masa "in ka dawo ba ka gama ba, kar ka shigo gidan nan". Yaron da ya tafi da wannan magana shi ne zai ɓoye zazzaɓi ko ciwon ƙirji har ya faɗi. A gaya masa cewa tsawar masu horarwa ba ƙiyayya ba ce, kowa ake yi wa, kuma in ba shi da lafiya ya faɗa wa na gaba da shi a kai shi asibiti. Ya riƙe sallarsa, ya zauna lafiya da abokan ɗakinsa, waɗanda za su fito daga kowace jiha da kowane addini. Umma ta yi kukanta, ba laifi, amma ta bari ya ji "Allah ya yi maka albarka" daga bakinta sarai kafin ya fita. A kuma yanke shawara tare da shi kan sunan da zai rubuta a matsayin magaji, da lambar wayar da ba ta mutuwa.

Bayan ya shiga, kada a sa ran kira a makonnin farko. Kurtu ba shi da ikon wayarsa ko lokacinsa. 'Yan damfara sun san wannan, sai su bugo wa uwa cewa ɗanta na kwance a asibiti, a turo kuɗi yanzu-yanzu. Tun kafin ya tafi a ajiye wata tambaya da shi kaɗai ya san amsarta, kamar laƙabin da kakarsa ke kiransa da shi, a kuma naɗa mutum ɗaya a gidan wanda duk maganar kuɗi za ta bi ta hannunsa. In an bugo, a ce a ba yaron wayar, a yi masa tambayar. In ba a haɗa ku da shi ba, kada a tura ko sisi, a kai lambar da ta kira ofishin 'yan sanda ko sansanin sojan ruwa mafi kusa.